Yadda Ake Tantance Tsofaffin Kuɗin Ingila da Yanka Musu Farashi Kafin a Kai Su Kasuwar Intanet

Kwabon Ingila mai shekarar 1967 an buga shi fiye da miliyan 600. Na 1951 kuwa guda 120,000 kacal aka buga. Girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, matar nan Biritaniya da ke zaune a bayansu riƙe da mashi mai baki uku ma ita ce dai, amma na farkon a kilo dillalai ke sayensa, na biyun kuma ɗai-ɗai ake farautarsa. Ko a cikin na 1951 ɗin ma, wanda ya sha hannu da wanda bai taɓa kwana a aljihu ba, tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce.

Abu uku ke yanke farashin tsohon kuɗi: wane iri ne, nawa ya rage a duniya kuma mutum nawa ke nemansa, sai halin da yake ciki. Tsufa kaɗai ba ya cikin lissafin. Biyun farko ana samun amsarsu a rubuce. Na ukun ne aikin ido, kuma a nan ne masu sayarwa suka fi cutar kansu, ko dai su zuga kayansu har mai saye ya dawo da shi, ko su sallama abu mai daraja a farashin tarkace.

Mataki na farko: kada ka wanke

Na sa wannan a gaba da komai domin ɓarnar da ake yi a nan ba ta gyaruwa. Mutum ya buɗe gwangwanin kakarsa ya ga sulalla sun yi baƙi, abin da zai fara zo masa shi ne lemon tsami da toka, ko omo, ko man goge ƙarfe. Ina roƙonka kada ka yi. Duhun da azurfa da tagulla ke yi da shekaru, masu tara kuɗi suna son sa, wani lokaci har ƙarin kuɗi suke biya saboda shi. Gogewa kuwa tana kankare fatar ƙarfen, ta bar ƙananan layuka kamar silin gashi waɗanda gogaggen mai saye zai hango ko a hoto. Sule da aka goge ya yi wal-wal, a wajensu sule ne mai aibi, kuma farashinsa na iya faɗuwa ƙasa da rabi.

Wani duhun ma da gangan aka yi shi. Daga 1897 har zuwa wajen 1918 gidan buga kuɗi na Ingila yana baƙanta rubu'in kwabo tun kafin ya fita, don kada a riƙa ruɗa shi da rabin fam na zinariya, tunda girmansu ya yi kusa. Wanda ya goge irin wannan ya cire masa kamanninsa na asali ke nan.

Riƙe kuɗi ta gefe, tsakanin babban yatsa da manuniya, a kan tawul mai laushi. Gumin yatsa yana barin tambari a kan tagulla, ba ya fita. Kowane mai kyau a sa shi cikin ambulan ɗinsa na takarda. A guji ledar roba mai laushi, domin da zafin ƙasarmu takan yi gumi ta bar kore mai danƙo a jikin ƙarfen.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo. Sikelin lantarki mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin na masu sayar da gwal. Ma'aunin faɗi na milimita. Maganaɗisu. Fitilar tebur guda ɗaya. Sai littafin rubutu, inda kowane kuɗi zai samu layinsa: iri, shekara, nauyi, daraja (wato matakin kyawun jikinsa), aibi.

Mataki na uku: gane abin da ke hannunka

Fara da raba na Ingila da na Afirka ta Yamma, domin a gidajenmu a cakuɗe ake samunsu. Kwabo mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, da ɗari (rabin kwabo), da anini, da sule mai hoton bishiyar kwakwar manja, duk kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila ne. An fara buga su a 1907, aka kafa hukumar kuɗinsu a 1912, suka ci gaba da yawo har Najeriya ta fito da nata a 1959. A Ingila aka buga mafi yawansu, amma kasuwarsu daban, masu nemansu daban, kuma a jerin kayan intanet rukuninsu daban ne.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Sarki Edwad na 8 ya yi murabus a Disamban 1936 kafin kuɗin Ingila mai hotonsa ya shiga hannun jama'a, shi ya sa 'yan gwajin da suka tsira suke da tsadar gaske. Fam ɗinsa na zinariya guda ɗaya an sayar da shi fam miliyan 1 a 2020. To amma kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma masu shekarar 1936 suna ɗauke da sunansa, kuma an buga su da yawan gaske. Wanda ya ga sunan ya ɗauka ya tsinci dami a kala, sai ya kwantar da hankalinsa. Kuɗi ne mai daɗin tarihi, farashinsa kuwa talaka ne.

Na Ingila zalla ba su da huji. A gabansu akwai kan sarki da sunansa da Latin: VICTORIA daga 1838 zuwa 1901, EDWARDVS VII daga 1902 zuwa 1910, GEORGIVS V daga 1911 zuwa 1936, GEORGIVS VI daga 1937 zuwa 1952, sai ELIZABETH II daga 1953. Tsarin lissafin shi ne wanda iyayenmu suka sani: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, har ranar 15 ga Fabrairun 1971 da Ingila ta koma lissafin ɗari. Kuɗin Sarauniya Biktoriya yana buƙatar ƙarin lura, domin kanta ya sauya: akwai na ƙuruciya, akwai mai ɗaurarren gashi a ƙeya da ke kan tagulla daga 1860 zuwa 1894, akwai mai ƙaramin kambi na 1887, sai mai lulluɓi na tsufa daga 1893. Fatakarta, wato sule biyu, ta tsakanin 1851 da 1887 ba ta da shekara da lambobin da muka saba; da haruffan Rumawa aka rubuta ta a ƙarshen rubutun da ke zagaye da kai.

Bayan shekara, nemi ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga. A kwabon Joji na 5 (GEORGIVS V), duba hagu da shekarar. H na nufin masana'antar Heaton da ke Birmingham, ana samunsa a 1912 da 1918 da 1919. KN na nufin King's Norton, a 1918 da 1919 kawai, kuma shi ya fi wuyar samu. A fam na zinariya, wanda suke kira sofarin, daga 1887 harafin yana kan ƙasar da ke ƙarƙashin doki, saman shekarar: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth, duk a Ostireliya, C na Kanada, I na Indiya a 1918, SA na Afirka ta Kudu. Harafi ɗaya da ba ya kai ƙwayar gero na iya sauya lissafin gaba ɗaya.

Shekarun da ya dace ka ware gefe in ka ci karo da su sun haɗa da kwabon 1950 da na 1951, sule na 1905, sule biyu da sisi na 1905 da na 1930, sisin 1952, da taro mai kusurwa goma sha biyu na 1946 da 1949. Sule biyar mai hoton Churchill na 1965 kuwa, wanda kusan kowa ke ɓoyewa, an buga shi sama da miliyan 19 kuma babu azurfa a cikinsa.

Mataki na huɗu: na gaske ne ko jabu

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Fara da maganaɗisu: babu kuɗin Ingila na kafin 1971 da maganaɗisu ke kamawa. In ya manne, magana ta ƙare. Sai sikeli. Kwabon tagulla giram 9.45 ne, sisi 2.83, sule 5.66, fataka 11.31, sule biyu da sisi 14.14, sule biyar 28.28, sofarin 7.98. Wanda ya sha yawo zai ɗan ragu, wannan ba komai. Abin tsoro shi ne wanda zanensa ke nan garau amma nauyinsa ya gaza, ko wanda nauyinsa ya cika amma ya fi ƙa'ida kauri.

Daga nan sa gilashi. Kuɗin gaske bugawa aka yi da ƙarfi, don haka haruffansa suna da kaifi, filinsa sumul. Na jabu sau da yawa zubi ne: za ka ga ƙuraje ko ƙananan ramuka a fili, haruffa sun yi kumburi, wani lokaci da layin haɗi a gefe. Dubi shekarar da kyau ko an taɓa wata lamba, ko an liƙa H ko KN daga baya. Wurin yakan bambanta da sauran jiki a launi. Kwabon 1933 shi ne abin da 'yan damfara suka fi sassaƙawa daga na wasu shekaru, alhali na gaske bai wuce guda bakwai da aka sani ba. Kuma akwai shekarun da ba a buga kwabo ba sam, kamar 1923 zuwa 1925 da 1941 zuwa 1943.

Sofarin yana da nasa sha'anin. Da yawa daga waɗanda ake sayowa a kasuwannin gwal na ƙasashen Larabawa kwaikwayon maƙera ne: zinariya ce ta gaske, amma ba gidan buga kuɗi ya buga ba, wani ma da lambar 21 ko 22 a jikinsa. Irin wannan a sayar da shi a matsayin gwal, a nauyinsa. Sa shi a intanet da sunan sofarin na gaske yaudara ce, ko da mai shi bai yi niyya ba.

Mataki na biyar: farashin ƙarfe, wato ƙasan farashi

Kafin ka yi maganar daraja, san abin da ƙarfen kansa zai ba ka. Kuɗin azurfa na Ingila har zuwa 1919 kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ne. Daga 1920 zuwa 1946 aka rage zuwa rabi, saboda tsadar azurfa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 1947 babu azurfa ko kaɗan, jan ƙarfe ne da nikel, komai farinsa. Wato sulen 1915 na ɗauke da azurfa wajen giram 5.2, na 1935 giram 2.8, na 1950 kuwa ba shi da komai. Sule biyu da sisi na kafin 1920 giram 13 ne da 'yan kai, na bayansa giram 7. Sofarin kuma zinariya ce mai lamba 22, da tsantsar zinariya giram 7.32.

Farashin duniya ana faɗinsa ne a kan oza ta masu gwal, wadda take giram 31.1. Raba farashin ranar da 31.1, ka ninka da giram ɗin da ke cikin kuɗinka. Abin da ya fito shi ne ƙasa. Kada ka sallama a ƙasa da shi sai da ɗan ragin la'adar dillali. Yawancin sulallan Joji na 5 da suka shafe, farashinsu ke nan, ba ƙari. Gara a tara su a sayar a dunƙule.

Mataki na shida: sa daraja

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan daɗe. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon nan sai an horar da shi.

'Yan kasuwar Ingila suna da matakai da suke rubutawa da gajerun haruffa, kuma dole ka yi amfani da su domin da su mai saye ke bincike. Na ƙasa su ne Poor da Fair: kuɗin ya shafe, kan sarki ya zama inuwa, da ƙyar ake karanta shekara. F shi ne wanda ya sha yawo sosai, wuraren da suka fi tudu sun baje, amma rubutu duka yana karantuwa kuma manyan sassan zane suna nan. VF ya yi yawo kaɗan: tudun ya goge, amma yawancin silin gashi da ƙananan zane ana ganinsu. EF sai ka sa ido sosai kafin ka ga gogewa, a kan ƙololuwar tudu kawai, kuma sau da yawa da sauran sheƙin masana'anta a lungunan haruffa. UNC bai taɓa yawo ba. Yana iya samun 'yan tabon gogayya da 'yan'uwansa a cikin buhu, amma babu gogewar hannu ko ɗis. Tsakanin matakan ana ƙara G a gaba in ya ɗan fi, kamar GVF, ko N ko A in ya kusa kaiwa, kamar NEF. Akwai kuma FDC, wanda ake ajiye wa bugu na musamman mai fili kamar madubi da bai da aibi ko ɗaya.

Ga yadda ake dubawa. Kashe sauran fitilu ka bar guda. Riƙe kuɗin ta gefe ka riƙa karkata shi a hankali a ƙarƙashin hasken. Kuɗin da bai yi yawo ba, haske yana zagaya fuskarsa yana juyawa yayin da kake karkatawa. Inda hannu ya ci, hasken zai yanke, wurin ya yi dushi-dushi, launinsa ya ɗan bambanta. Sheƙin man gogewa daban yake: ko'ina ƙyalli ɗaya, ba ya juyawa, kuma lungunan haruffa sukan riƙe baƙi. Fara da ido tsirara, ka yanke hukunci na farko, sannan ka sa gilashi don tabbatarwa. Wanda ya fara da gilashi yakan ɓace cikin ƙananan tabo ya manta da kamannin kuɗin gaba ɗaya.

Kowane sarki da inda yake fara cinyewa. A kan Biktoriya mai ɗaurarren gashi, dubi ganyen da ke kanta da gashin saman kunne da ƙullin ƙeya. A Edwad na 7, kunne da gemu. Zanensa ba shi da zurfi tun asali, shi ya sa samun mai kyau a kuɗinsa ke da wuya kuma yake tsada. A Joji na 5, gira da bakin gashin-baki da gashin saman kunne. A Joji na 6 da Elizabeth, silin gashi da kunci. A bayan kwabo, dubi yatsun Biritaniya a kan mashi, da hular kwanonta, da gwiwa, da layukan tutar da ke kan garkuwa. A bayan sule mai zaki a kan kambi, fuskar zakin ce ke fara tafiya. A sule biyu da sisi na Edwad na 7 da farkon Joji na 5, akwai ɗamara mai rubutu zagaye da garkuwa. Harafin I na HONI da P na PENSE su ne ke fara ɓacewa, kuma masu saye can suke fara kai ido.

Sai a bambance gogewa da raunin bugu. Kuɗin Joji na 5 na shekarun yaƙi, musamman kwabo, da yawa sun fito daga masana'anta da zane mara kaifi, har inuwar kan sarki takan bayyana ta baya. Alamar ita ce sheƙi: in wurin ya baje amma sheƙin masana'anta na kwance a kansa, bugu ne bai kama ba. In sheƙin ya yanke a wurin, hannu ne.

Duba gaba, duba baya, kowanne da darajarsa. In sun bambanta, rubuta duka biyu, na gaba da farko, misali VF/GVF. In za ka faɗi ɗaya, faɗi na ƙasa. Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: duk lokacin da zuciyarka ke kai-kawo tsakanin mataki biyu, ɗauki na ƙasa. Mai kaya kullum idonsa na ƙara wa kayansa rabin mataki, kowa haka yake. Mai sayen da ya biya kuɗin VF ya buɗe ambulan ya ga GVF zai dawo ya sake saye, ya kuma bar maka kyakkyawar shaida a shafinka. Wanda ya biya kuɗin EF ya ga VF zai dawo da kaya, ka yi asarar kuɗin aikawa sau biyu, da sunanka.

Aibi kuma dabam ake faɗinsa, ba a ɓoye shi a cikin daraja. Lotsawar gefe, karce, lanƙwasa, koren tsatsa a kan tagulla, tsohuwar gogewa, huji ko hujin da aka cike, da tabon dalma inda aka taɓa liƙa maratayi. Na ƙarshen nan ya yawaita a wajenmu, tunda an daɗe ana mayar da sulallan azurfa kayan ado, a jera su a sarƙa ko a kitso. Dubi gefen da ke saman kan sarki da gilashi; nan ake samun alamar. Kuɗi na iya zama EF a zane amma hujin ya mayar da shi farashin ƙarfe.

Hanyar horar da ido ita ce kwatance. Buɗe hotunan kayan da manyan gidajen gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans da Baldwin's suka sayar, ka nemo irin kuɗinka a matakai daban-daban, ka ajiye naka kusa da allo. Bayan 'yan makonni za ka ga idonka ya fara faɗa maka gaskiya tun kafin ka karanta abin da suka rubuta.

Amurkawa nasu ma'aunin lamba ne, daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Haruffan sun yi kama amma ba su yi daidai ba: abin da Bature ɗan Ingila zai kira EF, a Amurka sau da yawa AU ne, matakin da ke dab da UNC, wato ma'aunin Ingila ya fi tsauri. Don haka faɗi wane ma'auni ka bi. Kamfanonin NGC da PCGS suna karɓar kuɗi su tantance, su rufe shi cikin roba mai tauri da lambar shaida wadda kowa zai iya bincikawa a shafinsu. Aikin yana da tsada in an haɗa da aikawa da inshora, saboda haka bai dace da kwabon talaka ba. Ya dace da abin da ake yawan yi wa jabu, ko mai darajar da kuɗin tantancewar ba zai cinye ribarsa ba. Ka sani kuma in an taɓa goge kuɗin, za su rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin robar, ba za su ba shi lamba ba.

Mataki na bakwai: yanka farashi

Kundin farashin da aka fi sani da na Spink, wanda ke fitowa duk shekara, shi ne abin da 'yan kasuwar Ingila ke dubawa, kuma lambar da ya ba kowane iri ana sa ta a talla. Shafin Numista kyauta ne, yana ba da nauyi da faɗi da adadin da aka buga. Amma farashin kundi farashin kanti ne, abin da dillali zai nema a wajen mai saye. Kai da ba a san ka ba, da wuya ka samu haka.

Abin dogaro shi ne abin da aka riga aka biya. A eBay akwai wurin da ake tace bincike ya nuna kayan da aka sayar kawai. Nan za ka duba, ka nemi iri ɗaya, shekara ɗaya, harafi ɗaya, daraja ɗaya, a 'yan watannin baya. Tara misali biyar ko fiye, jefar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki tsakiya. Farashin da wani ya rubuta a kan kayan da ba a saya ba, buri ne kawai. Kowa na iya sa kwabon 1967 a fam dubu goma, kuma daga irin wannan ne labaran "tsohon kwabo ya zama miliyoyi" ke tasowa. In kana duba sakamakon gidan gwanjo, lura ko farashin ya haɗa da la'adar da mai saye ke biya a sama, domin ba ta shiga aljihun mai kaya.

Daga abin da ya fito, cire la'adar shafin, da kuɗin karɓar biya, da canjin kuɗi, da aikawa. In abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, haɗa kuɗin da 'yan'uwansa a sayar a tari: kwabban sarki ɗaya wuri ɗaya, azurfar kafin 1920 wuri ɗaya, ta bayanta wuri ɗaya, da nauyin kowane tari a rubuce. Abin da ake rububinsa a sa shi gwanjo, masu so su yi ta tayawa. Abin da mai nemansa ɗaya ne a wata, a sa masa tsayayyen farashi a jira. In kuwa ka tabbatar abin hannunka babba ne, tura hotuna ga gidan gwanjo. Sukan ba da ƙiyasi kafin a yi maganar aikawa.

Mataki na takwas: hoto da bayani

Gani ya kori ji. Ɗora kuɗin a kan baƙin ƙyalle ko toka-toka mara ƙyalli, kusa da taga, ba cikin rana kai tsaye ba, kuma a kashe filashin waya. Jingina wayar a kan tarin littattafai don kada hannu ya girgiza. Ɗauki gaba, baya, gefe, shekara da harafi daga kusa, kowane aibi daga kusa, sai hoto ɗaya yana kan sikeli lambar na nunawa. Kada ka gyara launi. Hoton kuɗin da kake sayarwa shi za ka sa, ba na wani mai kama da shi ba.

Kan talla ya ƙunshi shekara, sarki, iri, harafin masana'anta, ƙarfe da daraja, da Turanci tunda yawancin masu sayen a can suke. A bayani ka sa nauyi da faɗi, ka lissafa aibi ɗaya bayan ɗaya, ka ce darajar ra'ayinka ce, hotuna su ne shaida. Kalmomin zuga irin su "babu irinsa a duniya" suna korar masu sayen gaske, domin sun san adadin da aka buga fiye da kai.

Mataki na tara: biya da aikawa

Kafin ka sa kaya, tabbatar shafin yana karɓar masu sayarwa daga ƙasar da kake, kuma kuɗin zai iya isowa asusunka. Karanta sharuɗɗan kamfanin aikawa, domin da yawa ba sa ɗaukar tsabar kuɗi ko gwal da azurfa, kuma in kaya ya ɓace inshorarsu ba ta biya. A Najeriya fitar da kayan tarihi yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. In kayanka tsoho ne sosai, ko tono shi aka yi daga ƙasa, je ofishinsu ka nemi bayani a rubuce kafin ka aika. A takardar kwastan rubuta gaskiyar abin da ke ciki da gaskiyar farashinsa.

Naɗe kowane kuɗi shi kaɗai, a manne shi tsakanin kwali biyu yadda ba zai motsa ko ya yi ƙara ba, salatif kuma kada ya taɓa ƙarfen. Ɗauki hoton ƙunshin kafin rufewa da bayan rufewa, ka aika da lambar bibiya da sa hannun mai karɓa. Kada kaya ya bar hannunka sai ka ga kuɗi a cikin asusunka da idonka; hoton rasit ko saƙon "an tura" ba biya ba ne. Duk wanda ya ce ku bar shafin ku ƙarasa ciniki a WhatsApp, ko ya turo fiye da farashi ya ce ka mayar masa da ragowa, ko ya yi maka tayin miliyoyi amma sai ka fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji, rufe maganar nan take ka kai ƙararsa ga masu shafin.